Acheampong: Baƙuwar Ciyawar Da Ta Zama 'Yar Gari

Masu iya magana sun ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. To amma akwai wata baƙuwa a ƙasar nan tamu ta Gana da ta ƙaryata wannan zance, domin kuwa ta haura shekara 50 da sauka, rana na fitowa tana faɗuwa, ita ko ba ta da niyyar ɗaure kayanta. Wannan baƙuwa ita ce ciyawar nan da kowa ya sani da suna Acheampong, wadda duk wanda ya taɓa bin hanyar Ankara zuwa Kumasi, ko ta Kumasi zuwa Sunyani, ya gan ta jere a gefen titi kamar an shuka ta da gangan.

Da yawa daga cikinmu mazauna zango muna ɗaukar ta a matsayin matsalar manoman koko kawai. A da can ana iya cewa haka ne. Amma a halin da ake ciki iyalanmu sun yi yawa, tsofaffin unguwanni irin su Nima da Sabon Zango da Aboabo sun cika sun batse, jama'a sun koma sayen filaye a bayan gari, inda za ka tarar da gida ɗaya an gama, uku an kai linta an tsaya, sauran kuma ciyawa ta rufe su. A irin waɗannan wurare ne yaranmu ke wasa, nan samarinmu ke yanko wa raguna abinci, nan kuma matanmu ke shanya. Saboda haka ya kamata mu san wace ce wannan maƙwabciya, daga ina ta fito, me take yi wa fata da ƙirji da dabbobi, kuma yaushe ne ya fi dacewa a sa mata adda.

Daga ina ta fito?

Masana tsirrai suna kiran ta Chromolaena odorata. Asalinta yankin Amurka ne mai zafi, tun daga kudancin ƙasar Amurka da Meziko da tsibiran Karebiyan har zuwa Amurka ta Kudu. A can gida ba ta dami kowa ba, saboda akwai ƙwari da cututtuka masu yawa da ke cin ta, suna hana ta wuce gona da iri. A tsakiyar ƙarni na 19 ne aka kai ta Indiya domin ƙawata lambu, sai ta tsallake shinge ta bazu cikin kudu maso gabashin Asiya. Wannan ne ya sa Turawan Ingila suke danganta ta da Siyam, wato tsohon sunan ƙasar Tailan, Faransawa kuma suke ce mata ciyawar Lawos, alhali kuwa duk ƙasashen biyu baƙunta ta je.

A Afirka ta Yamma, ta fara shigowa ne ta wajejen Inugu ta Najeriya a wajen shekarar 1937, kuma masana sun danganta shigowarta da irin itacen melaina da aka kawo daga tsibirin Silon, wanda yanzu ake kira Siri Lanka. A Kwaddebuwa kuwa da hannu aka shigo da ita a farkon shekarun 1950, bisa shawarar wani masanin tsirrai Bafaranshe mai suna Auguste Chevalier, wanda ya ga cewa za ta iya danne tofa a gonaki. Ta kuwa danne tofar, sai dai daga baya ita ma ta zama abin da ake neman mai danne ta.

Mu nan Gana, an fara rubuta ganin ta ne a lambun tsirrai na Legon a shekarar 1969. Dattawanmu ba za su manta da wannan shekara ba, domin a watan Nuwamban ta ne gwamnatin Dokta Busia ta fito da dokar nan da ta ba baƙi marasa takardun zama mako 2 su bar ƙasa, abin da ya raba iyalai da dama a zangunanmu. Ana can ana loda mutane a manyan motoci zuwa kan iyaka, ashe baƙuwar da za ta ci gonaki tana zaune a Legon ba wanda ya tambaye ta takarda. Zuwa farkon shekarun 1990, masu bincike sun ƙiyasta cewa ta riga ta shiga kusan kashi biyu cikin uku na faɗin ƙasar nan.

Sunan shugabanni a bakin talakawa

Wani abin lura game da wannan ciyawa shi ne, kusan duk ƙasar da ta shiga sai talakawa sun laƙaba mata sunan wani babba na zamanin. A nan wasu sun fara kiran ta Busia, amma da yake ta fi bazuwa ne a zamanin Janar Ignatius Kutu Acheampong, wanda ya yi mulki daga 1972 zuwa 1978, sai sunansa ya bi ta har yau. A kudancin Najeriya ana ce mata Awolowo ko Akintola. A Kwaddebuwa ana kiran ta Sekou Toure, a Kamaru da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya kuma Bokassa. Shugabannin duk sun kwanta dama, ciyawar na nan.

Mu Hausawa ba mu gaji wani suna nata daga kakanni ba, kuma dalilin a fili yake. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, suka kafa zango a Salaga da Kintampo da Atebubu, ba su taɓa cin karo da ita a hanya ba, don a lokacin ba ta iso nahiyar ba ma. Bugu da ƙari, ciyawa ce mai son ruwan sama mai yawa, shi ya sa ta fi ƙarfi a yankin kurmi da bakin kurmi, tana raguwa yayin da mutum ya nausa arewa inda rani ke da tsawo.

Yadda za a gane ta

Ganyenta bibbiyu suke fitowa suna fuskantar juna, masu faɗi a gindi da tsini a kai, gefensu da 'yan haƙora, ga kuma jijiyoyi uku da suka taso daga gindin ganyen. Idan aka murza shi yana da wari mai ƙarfi wanda ba ya ɓoyuwa. Idan ta tsaya da kanta takan kai mita 2 zuwa 3, idan kuwa ta sami itacen da za ta jingina da shi sai ta haye ta ninka haka. Rassanta suna sarƙewa da juna har mutum ya kasa ratsawa sai da adda.

Tana fure ne idan damina ta ja baya, wato daga wajen watan Nuwamba zuwa Janairu. Furen ƙanana ne a dunƙule, fari-fari mai ratsin shuɗi, kuma a gaskiya yana da kyan gani, abin da ya sa tun farko aka ɗauke ta zuwa lambu. Bayan furen sai iri ya nuna, kowane ƙwaya da ɗan gashi a kansa kamar na auduga. Tushe ɗaya da ya ƙosa yana iya zubar da iri har 80,000 a shekara. Iskar hunturu ta ɗebi wasu, wasu su maƙale a tufafi da jikin dabbobi da tayoyin motocin katako da na yashi. Irin yana son haske kafin ya tsiro, don haka duk inda aka sare kurmi, ko aka buɗe sabuwar hanya, ko aka share fili aka bar shi ba gini, to an yi mata shimfiɗa.

Abin da take yi wa fata da ƙirji

Masana da suka yi rubutu a kan wannan ciyawa sun lissafa ta cikin tsirran da ke jawo ƙaiƙayi da ƙuraje a fata, suna kuma tayar da asma ga mutanen da jikinsu ke da saurin kamuwa. Ba kowa take yi wa haka ba. Mutum biyu za su yi yini guda suna sara tare, ɗaya ya koma gida lafiya lau, ɗayan ya kwana yana susa.

Dalili kuwa shi ne, abin da muke kira borin jini rigima ce tsakanin garkuwar jiki da wani abu da ba cuta ba ne a karan kansa. Garkuwar jikin wasu mutane takan ɗauki ruwan ganye ko ƙurar tsiro a matsayin abokin gaba, sai ta saki wasu sinadarai, daga ciki har da wanda likitoci ke kira histamin. Shi ne ke kawo atishawa ba ƙaƙƙautawa, da zubar majina fara kamar ruwa, da jan ido da hawaye. Idan abin ya sauka ƙirji, hanyoyin iska na huhu su kumbura su tsuke, sai ka ji mutum na numfashi da ƙyar, ƙirjinsa na fito kamar usur, musamman da dare. Na fata kuma sau da yawa ba ya fitowa nan take, sai bayan kwana ɗaya ko biyu, lokacin da mai shi ya riga ya manta ya shiga jeji, sai ya ɗora laifin a kan sabulu ko wani abinci da ya ci.

Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne lokacin da take fure da zubar da iri ya zo daidai da hunturu. Ga hazo daga Sahara, ga hayaƙin ƙona daji, ga ƙurar busasshiyar ciyawa. Mai asma da ke zaune kusa da filin da Acheampong ta cinye yana fama da abubuwa uku ne a lokaci guda, amma a gida sai a ce ai sanyi ne, a ba shi citta da kanumfari a lulluɓe shi. Ga yadda za a bambanta: mura ta yau da kullum takan zo da ɗan zazzaɓi da ciwon jiki, ta wuce cikin mako ɗaya ko kwana 10. Borin jini kuwa ba ya zuwa da zazzaɓi, yana daɗewa, yana tsananta idan an kusanci abin da ke tayar da shi, yana kuma dawowa kusan lokaci ɗaya kowace shekara.

Wannan ba abin mamaki ba ne idan aka dubi danginta. Tana cikin babban gidan tsirran da ya haɗa da shuwaka, kuma a gidan akwai waɗanda suka yi ƙaurin suna wajen borin jini. Akwai wata 'yar uwarta mai suna Parthenium, ita ma daga yankin Amurka, wadda aka lura da ita a garin Pune na Indiya a shekarun 1950, ta jawo wa ɗimbin manoma ciwon fata da na numfashi, har Indiyawa suka sa mata sunan jam'iyyar Congress mai mulki a lokacin. Ta kuma shiga Habasha da Kenya da wasu ƙasashen gabashi da kudancin Afirka. Ta wajen cutar da mutane ta fi Acheampong sharri nesa ba kusa ba, amma darasin ɗaya ne: ciyawar da aka raina tana ƙarama ita ce ke cika asibiti idan ta yi yawa.

Dabbobi, gonaki da gobara

Ga masu kiwo a cikinmu, akwai abin kula. Shanu da tumaki ba sa son ta saboda warinta, amma idan yunwa ta matsa, ko kuma aka yanko ta a haɗe da wata ciyawa aka zuba musu a turke, sukan ci. Sabon tohonta yana tara sinadarin naitiret mai yawa, wanda idan ya yi yawa a cikin dabba yake hana jini ɗaukar iska, dabba ta riƙa haki, ta faɗi. An sha ba da rahoton mutuwar shanu ta wannan hanya a ƙasar Filifin. Don haka duk maigidan da ke aiken yara yankan ciyawa a bakin hanya, ya zauna ya nuna musu ganyen, ya kuma duba buhun kafin a zazzage wa rago. A Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da wasu sassan Kamaru, ɓarnar da ta fi yi wa Fulani makiyaya ita ce cinye makiyaya ɗungurungum, domin inda ta kafu ciyawar kiwo ba ta tashi.

A gona kuwa tana shaƙe ƙananan itatuwan koko da kwakwar manja da goro kafin su yi ƙarfi, manomi ya riƙa biyan kuɗin sara sau da yawa a shekara. Haka kuma akwai farar nan mai launi-launi da wari, wadda ke cin ganyen rogo da rani. Bincike ya nuna tana zuwa furen Acheampong tana tsotsar wani dafi da ke ciki, tana adana shi a jikinta da ƙwayayenta domin kare kanta daga masu cin ta, kuma masana sun danganta ƙaruwar wannan fara a Afirka ta Yamma da bazuwar ciyawar.

Sai maganar wuta. Idan rani ya yi nisa, rassanta kan bushe su zama tulin makamashi, ga kuma mai a ganyenta. Duk wanda ya ga gobarar dajin 1983, wadda ta cinye gonakin koko da na abinci ta bar ƙasar nan cikin yunwa, ya san abin da wutar daji ke iya yi. A shekarar 1990 gwamnatin PNDC ta kafa doka mai lamba 229 domin hana ƙona daji barkatai. Abin takaicin shi ne wuta ba ta kashe Acheampong. Saman ne kawai ke ƙonewa, kututturen na nan a ƙasa da ransa, ruwan farko na sauka ita ce za ta riga kowa tohowa, ta sami fili babu abokin takara.

Ba a rasa ta da rana ba

Adalci ne mu faɗi cewa ba kowa ke ƙin ta ba. Kusan kowane yaro da ya tashi a kudancin Gana ya san cewa idan adda ta yanke shi a gona, ana murza ganyen Acheampong a matsa ruwan a kan ciwon domin jini ya tsaya. Masu bincike sun gwada wannan sun ga akwai ƙamshin gaskiya a ciki, har a ƙasar Biyetnam an yi wani man shafawa daga ganyen mai suna Eupolin domin ƙuna da raunuka. Manoma da yawa kuma sun shaida cewa gonar da aka bari ta huta a ƙarƙashinta takan dawo da ƙarfi da wuri saboda yawan ganyen da take zubarwa, ga shi tana korar tofa, wadda ta fi ta wuyar nomewa.

Sai dai amfani a kan fata daban, sha daban. Dafin nan da fara ke tsotsa irin wanda ke lalata hanta ne a hankali, kuma ya fi taruwa a saiwa da fure. Saboda haka masu jiƙa ta ko dafa ta su sha da sunan maganin zazzaɓi ko ciwon ciki su yi hattara, balle a ba yaro ko mai juna biyu. Haka nan rauni mai zurfi, ko na tsatsattsen ƙarfe, ganye ba ya hana shi zama sandarewar wuya. A wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a je a yi allura.

Ƙwarin da aka ɗauko haya

Da yake a ƙasarta ta asali ƙwari ne ke riƙe da linzaminta, masana sun ga cewa maganin ɗan gari sai ɗan gari. A farkon shekarun 1990, Cibiyar Binciken Amfanin Gona da ke Fumesua kusa da Kumasi ta saki wani malam-buɗe-littafin dare mai suna Pareuchaetes pseudoinsulata, wanda asalinsa daga tsibirin Tirinidad ne, tsutsarsa kuma ganyen wannan ciyawa take ci. An taɓa gwada shi a shekarun 1970 bai kama ba, amma a karo na biyu ya zauna ya hayayyafa. Akwai kuma wani ɗan ƙuda mai suna Cecidochares connexa da ke saka ƙwai a kan toho, tsutsarsa ta sa reshen ya yi ƙullutu, ƙarfin ciyawar ya ragu, irinta ma ya ragu. Ya yi aiki sosai a Indonesiya da Papuwa Niyu Gini, an sake shi a Kwaddebuwa, kuma a shekarar 2014 masana suka ba da rahoton ganin sa a nan Gana. Idan ka ga reshen Acheampong da ƙullutu kamar ƙwallon goruba ƙarami, to ma'aikaci ne ke bakin aikinsa.

Amma kada mu yaudari kanmu cewa za a wayi gari babu ita. Ƙasar Ostireliya, da duk kuɗinta da ma'aikatanta, ta gano ta a arewacin jihar Kwinslan a 1994, ta shafe shekara 18 tana ƙoƙarin kawar da ita baki ɗaya, a 2012 ta haƙura ta koma ga rage ta kawai. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin jerin baƙin halittu 100 mafiya ɓarna a doron ƙasa.

Abin da ke hannunmu

Abin da za mu iya shi ne hana ta zama a bakin ƙofarmu, kuma sirrin yana ga lokaci. Mafi yawanmu sai hunturu ya shigo, ciyawa ta bushe, macizai sun fara shigowa gida, sannan muke tunawa da sara. A lokacin kuwa ta riga ta zubar da iri, mai saran ya shaƙi ƙura, ya kuma taya ta watsa 'ya'yanta. Lokacin da ya dace shi ne watan Satumba zuwa Oktoba, kafin fure ya fito, ƙasa kuma da sauran danshi. Sara kaɗai ba ya isa, sai an bi da fartanya ko diga an tumɓuke kututturen. Bayan haka kada a bar wurin tsirara, a shuka rogo ko masara ko wake, domin inuwa ce babbar abokiyar gabarta.

Mai aikin ya sa riga mai dogon hannu da safar hannu da takalmi, ya rufe hanci da baki, ya yi wanka ya canza kaya da zarar ya gama. Wanda aka san yana da asma a ɗauke masa wannan aiki, kuma kada a tara ciyawar a cinna mata wuta a tsakiyar unguwa, mutane na barci hayaƙi na shiga ɗakuna.

Wanda atishawa da ƙaiƙayin ido suka dama, akwai magunguna irin su cetirizine da ke sauƙaƙawa, amma a nemi shawarar ma'aikacin lafiya, musamman direbobi, don wasu magungunan irin su Piriton suna sa barci. A guji sayen dexamethasone ko prednisolone a kemis ana sha kai tsaye don an ji suna kwantar da ƙaiƙayi, domin daɗewa ana shan su na jawo hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa kusa da shi duk tsawon hunturu. Yaron da numfashi ya gagare shi har ba ya iya gama magana, ko leɓɓansa suka canza launi, a garzaya da shi asibiti ko da tsakar dare ne. Tarin da ya wuce mako 2 kuma a je a gwada, kada a ce ciyawa ce alhali tarin fuka ne.

Daga ƙarshe, wannan aiki ne na gayya, domin iska ba ta san iyakar fili ba. Idan ka share naka, na maƙwabcinka da ke Jamus ko Amurka yana nan cike da fure, to baɗi ma kana da aiki. Muna kira ga sarakunan zango da masu unguwanni da ƙungiyoyin samari da su sa rana guda kafin ƙarshen damina a fita tare, a kuma tuntuɓi masu filayen da ke ƙasashen waje su aiko da kuɗin sara kamar yadda suke aiko da na bulo da siminti. Wanda ya ƙi, majalisun gundumomi suna da dokokin tsabtace muhalli, kuma 'yan tankas sun san hanyar gidan wakilinsa. Kakanninmu sun sauka a wannan ƙasa suka sare jeji suka mai da shi gari. Bai kamata a ce a hannunmu ne jejin ya dawo ba.